Mai Amsa Kafin a Yi Tambaya: Yadda Sabbin Katuna Ke Juya Damin Daƙilewa a Wasan Magic

A watan Agustan 2014, a birnin Portland na ƙasar Amurka, wani ɗan Silobakiya mai suna Ivan Floch ya lashe babbar gasar ƙwararru ta wasan katin Magic: The Gathering da wani dami da ya sa 'yan kallo da yawa hamma. Cikin katuna 60 da ya fara wasa da su babu katin halitta ko ɗaya, alhali da halittu aka saba kai hari a wannan wasa. Akasarin abin da ya tara katunan soke yunƙurin abokin karawa ne, da na share fage, da na jan ƙarin kati. Sai wani ɗan kati guda, Elixir of Immortality, wanda ke ƙara masa rai biyar ya kuma mayar da duk abin da ya riga ya kashe cikin daminsa. Ke nan Floch zai iya yini yana cewa a'a, katunansa ba su ƙarewa. Na gabansa kuwa nasa za su ƙare, kuma doka ta ce wanda ya zo jan kati bai tarar da komai ba ya faɗi. Galibi ba a ma kai wa can. Da mutum ya hango inda aka dosa sai ya tattara kayansa ya miƙa hannu.

Ba a cika wata biyu ba wannan dami ya zama tarihi. A ƙarshen Satumba sabon rukunin katuna mai suna Khans of Tarkir ya fito, aka sauke tsofaffin rukunai daga tsarin gasar, ciki har da ginshiƙai biyu na damin Floch, Sphinx's Revelation da Supreme Verdict. Gasar da ta biyo baya, a Honolulu cikin Oktoba, Ari Lax ne ya ci, da dami mai cike da manyan halittu, a gabansu wata karkanda da ake kira Siege Rhino. Hannu da basirar masu daƙilewa irin su Floch suna nan yadda suke. Katunan da ke kan teburi ne suka sake.

Wanda bai san wasan ba ga taƙaitaccen bayani. Richard Garfield, masanin lissafi, shi ya ƙirƙire shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Ba kamar kartar da aka saba ba, inda kowa ke ja daga tari ɗaya, a nan kowane ɗan wasa shi ke haɗa nasa dami tun daga gida, aƙalla kati 60, kuma ba a sa fiye da huɗu na kati iri ɗaya in ban da filaye na yau da kullum. Kowa na farawa da rai 20 da kati bakwai a hannu. Kowane kati na da farashi, kuma da katunan fili ake biya: fili ɗaya ake ajiyewa a zagaye, kowanne na ba da makamashi ɗaya. Saboda haka katin farashi huɗu ba ya sauka sai zagaye na huɗu, in ba da wata dabara ba. Kamfanin na fitar da sabbin rukunai sau da yawa a shekara, kuma a tsarin da ake kira Standard sabbi-sabbin kawai ake yarda da su.

Daga nan 'yan wasa suka kasu. Akwai masu farmaki, waɗanda ke zuba halittu masu araha su gama da mutum kafin ya daidaita zama. Akwai 'yan tsaka-tsaki irin su Lax. Akwai masu haɗi, da ke neman katuna biyu ko uku da in sun haɗu wasa ya ƙare nan take. Sai masu daƙilewa, waɗanda 'yan wasan ke kira kwanturol: su ba sa gaggawa, suna kashe duk abin da aka ajiye, su soke duk abin da aka jefo, har hannun abokin karawa ya bushe nasu na cike, sannan su ci wasa da duk abin da ya sauwaƙa.

Lissafin da aka gina gidan a kai

Mutumin da ake danganta wa kafa wannan salo shi ne Brian Weissman na Kalifoniya, wanda daminsa na tsakiyar shekarun 1990 ya yi suna har ake ce masa The Deck kawai. Abin da ya fahimta kafin jama'a shi ne cewa rai 20 ba shi ne ainihin ma'aunin wanda ke gaba ba. Yawan katin da mutum ke da shi ne. In ka kashe halitta ɗaya da kati ɗaya, an yi kunnen doki. In ka kashe uku da kati ɗaya, ka ci ribar biyu. Tara irin wannan riba kaɗan-kaɗan, sai a wayi gari kai kaɗai ke wasa. Mala'iku biyu kacal, Serra Angel, suka ishe shi kammala aiki.

Zamanin ya taimaka masa. Amsoshi na da araha ƙwarai: Swords to Plowshares na kawar da kowace halitta a farashi ɗaya, Counterspell na soke kowane kati a farashi biyu, Wrath of God na share fage kakaf a farashi huɗu. Halittun kuwa ba su da wani abin kirki sai jiki. Dubi Juzám Djinn, aljanin da ake tsoro a rukunin Arabian Nights na 1993, wanda aka gina kan labaran Dare Dubu da Ɗaya: farashi huɗu, ƙarfi biyar, amma kowane zagaye sai ya cinye rai ɗaya na mai shi, kuma in aka kashe shi bai bar komai ba. Mai farmaki ya biya huɗu, mai daƙilewa ya biya ɗaya, ragowar makamashin ya ja kati da shi. Wannan ciniki ne ya ciyar da salon shekaru da dama.

Abin lura a nan shi ne damin daƙilewa ba shi da siffar kansa. Mai farmaki na iya zama a ɗaki shi kaɗai ya zaɓi halittun da suka fi saurin duka, ya fito da dami mai aiki ko wa ya tarar. Mai daƙilewa dole ya san abin da wasu za su kawo, domin kowane katinsa amsa ce ga wani kati da ke hannun wani. Akwai wata magana da ake jingina wa David Price, gwanin farmaki na shekarun 1990, mai nufin cewa barazana ba ta taɓa zama kuskure, amsa ce ke iya zama kuskure. Halitta mai ƙarfi biyu za ta yi dukan biyu ko da wa take karawa. Katin kashe halitta kuwa takarda ce kawai in na gabanka bai zo da halitta ba.

Shi ya sa makonnin farko bayan fitowar sabon rukuni suka fi yi wa masu daƙilewa wuya. Halinsu kamar na mai kemis ne da zai yi sarin magani kafin ya san ciwon da zai yi yawa a bana: in ya cika kanta da maganin zazzaɓi aka tashi da ciwon ido, jarinsa ya kwanta. Sai an yi gasa biyu ko uku, jerin damunan da suka yi nasara sun fito, an ga halittun da ke yawo, sannan zai san ko katin kisa mai farashi biyu zai ɗauka ko mai uku, ko share fage huɗu zai sa ko biyu, da abin da zai cusa cikin katunan ajiya 15 da ake sauyawa tsakanin wasa da wasa. Da ya gama daidaitawa kuma wani rukunin na bakin ƙofa.

Halittar da ke biyan kuɗinta tun a ƙofa

Idan aka tambayi masu daƙilewa abin da ya fi cutar da su, da yawa za su ambaci katunan da aka rubuta wa “ba a soke shi”. A ganina ba nan babban raunin yake ba. Sauyin da ya fi girma ya zo a hankali, kuma a kan halittu ya faru: kamfanin ya koma buga halittun da ke ba da riba tun lokacin saukarsu, ta yadda kashe su ba ya mayar da ciniki kunnen doki.

Koma kan karkandar nan. Farashinta huɗu, daidai da na aljanin 1993, jikinta kusan ɗaya da nasa. Amma tana sauka take cire rai uku daga abokin karawa ta ƙara wa mai ita uku. Ka kashe ta nan take, an riga an yi maka ɓarna, ta biyu kuma na tafe. Kafin ita akwai Thragtusk na 2012: yana sauka mai shi ya sami rai biyar, in ya bar fage ta kowace hanya ya bar wata dabba mai ƙarfi uku a gurbinsa. Wato ka biya huɗu ka share fage, ka duba ka ga fagen bai sharu ba. Kafin shi kuma akwai Bloodbraid Elf na 2009, wanda jefa shi kawai ke jawo wani kati kyauta daga dami, ko an soke shi ko ba a soke ba. Patrick Chapin, ɗaya daga manyan masu nazarin wasan, ya raba halittu gida biyu da sunayen katuna biyu: irin Baneslayer Angel, waɗanda sai sun rayu suke amfani, da irin Mulldrifter, waɗanda sun riga sun biya tun a ƙofa. Damin daƙilewa na cin na farko da daɗi. Na biyun ne ke shaƙe shi, kuma su suka yi ta ƙaruwa.

Abin ya kai maƙura da Uro, Titan of Nature's Wrath a farkon 2020. Farashi uku: rai uku, kati ɗaya, da damar ajiye ƙarin fili. Daga nan ya tafi maƙabarta, wato tarin katunan da aka riga aka yi amfani da su, ya jira. Can gaba mai shi ya biya huɗu ya fitar da wasu katuna biyar daga maƙabartar, sai ga Uro ya dawo da ƙarfi shida, yana maimaita waccan kyauta duk lokacin da ya kai hari. Ka kashe shi, ya sake dawowa. Irin wannan kati ya ƙwace wa mai daƙilewa abin da yake taƙama da shi, wato tabbacin cewa in wasa ya yi tsawo nasa ne. An haramta Uro a Standard a Satumban shekarar. Fable of the Mirror-Breaker na 2022 ya bi sawu ta wata hanya: kati ɗaya mai farashi uku da ke ba da halitta, ya ba da damar sauya katuna biyu marasa amfani, ya kuma rikiɗe ya zama halitta ta biyu. Da wace amsa guda za ka biya wannan? Shi ma an haramta shi a Mayun 2023.

Akwai kuma barazanar da ke kauce wa share fage gaba ɗaya. Tun 2007, da rukunin Lorwyn, aka shigo da katunan matsafa masu ratsa duniyoyi, waɗanda ke zama a fage suna yin wani aiki kowane zagaye kuma ba halittu ba ne. A 2016 aka kawo ababen hawa irin Smuggler's Copter, wanda ba ya zama halitta sai lokacin da aka hau shi, ya kai hari ya koma ƙarfe kafin zagayen mai share fage ya zo. Kowane sabon nau'in barazana na tilasta wa mai daƙilewa ware gurbi a daminsa, gurbin kuwa 60 ne, kusan 26 daga ciki filaye.

Yayin da barazana ke ƙara daraja, amsa tsada ta yi ta yi. Counterspell na nan har a babban rukuni na 2001, aka cire shi daga na 2003, kuma a 2006 aka kawo Cancel, mai aiki iri ɗaya a farashi uku. Makamashi ɗaya kamar ba komai ba, amma a nan ne wasan yake. Da farashi biyu, a zagaye na huɗu kana iya soke abu biyu, ko ka soke ɗaya ka ja kati. Da uku, abu ɗaya za ka yi, kuma in abin da ka soke farashinsa biyu ne, kai ka yi asara. Share fage ma haka: bayan tafiyar Supreme Verdict a 2014 an shafe shekaru ana ba da shi a farashi biyar, irin End Hostilities da Fumigate. Tsakanin zagaye na huɗu da na biyar mutane da yawa sun mutu da maganin a hannu.

Dalilin kamfanin ba ɓoyayye ba ne, kuma ban ga laifinsa duka ba. Sabon ɗan wasa da ya sayi fakiti ya sami dodon da ya burge shi yana so ya ga dodon a fage. In duk lokacin da ya jefa aka ce masa an soke, mako biyu zai yi ya bar wasan. Kamfani kuwa fakiti yake sayarwa.

Katunan da aka ƙera don karya shi

Wani lokaci ba a ɓoye niyya. A 2012 aka buga Cavern of Souls, fili ne da mai shi ke ambaton jinsin halitta guda, duk halittar wannan jinsi da aka biya da shi ba ta sokuwa. Zac Hill, ɗaya daga masu tsara katunan a lokacin, ya rubuta a fili cewa an yi shi ne don rage kaifin Mana Leak da Snapcaster Mage, waɗanda suka addabi gasa. Carnage Tyrant na 2017 ya haɗa biyu: ba a soke shi, ba a kuma nuna shi da katin kisa. Veil of Summer na 2019, a farashi ɗaya tak, na hana sokewa a zagayen, ya kare mai shi daga katuna masu launin shuɗi da baƙi, ya kuma ja masa kati; bai yi wata biyar ba aka haramta shi.

Irin waɗannan na da zafi, amma ana iya zama da su, domin a fili suke. Mai daƙilewa na ganin Carnage Tyrant na yawo zai rage sokewa ya ƙara share fage, ko ya nemi katin da ke tilasta wa abokin karawa sadaukar da halitta da kansa. Da Cavern of Souls ya dawo Standard a Nuwamban 2023, masu manyan damuna suka riƙa ambaton mala'ika don su saukar da Atraxa, Grand Unifier lafiya, masu daƙilewa suka koma dogaro da Sunfall, wanda ke kwashe dukan halittu daga wasan ya kuma bar wa mai shi wata halitta da girmanta ya kai yawan waɗanda aka kwashe. Wata uku bayan haka aka ba su No More Lies, sokewa mai farashi biyu. Da hannu ɗaya ake ba su, da ɗayan a karɓe.

Wanda ya fi ban mamaki daga cikin gida ya fito. Teferi, Time Raveler na 2019 launinsa fari da shuɗi ne, launukan da aka san masu daƙilewa da su, amma abin da yake yi shi ne hana abokin karawa jefa komai sai a nasa zagayen, lokacin da babu wani kati a iska. Ma'ana duk katin sokewa da ke hannunsa ya mutu. Masu daƙilewa suka sa shi don su ci junansu, masu haɗi da 'yan tsaka-tsaki suka sa shi don su ci masu daƙilewa, wasa tsakanin damunan shuɗi ya koma tseren wa zai riga saukar da Teferi a zagaye na uku. Sai a Agustan 2020 aka haramta shi, saura 'yan makonni ya sauka da kansa. An yi jinkiri ƙwarai.

Inda sabon kati ke tayar da shi

Duk da haka salon bai mutu ba, kuma sabbin katuna ne ke tayar da shi duk lokacin da aka yi masa jana'iza. Sai dai abin da ke tayar da shi ba kasafai yake zama sabuwar amsa ba. Kati ne da ke warware matsalarsa ta asali: yaushe zan saki makamashina in yi abin kaina ba tare da na buɗe ƙofa ba?

Sphinx's Revelation ya amsa wannan a 2012. Ana jefa shi a ƙarshen zagayen abokin karawa, bayan an tabbatar babu abin sokewa, a zuba duk makamashin da ke akwai, ya dawo da kati da rai daidai gwargwado. Torrential Gearhulk ya amsa a 2016: ƙato ne mai sauka a kowane lokaci, ya kuma sake jefa wani tsohon kati daga maƙabarta kyauta, kuma da shi Shota Yasooka na Japan ya ci gasar ƙwararru ta rukunin Kaladesh a shekarar. A lura, wannan ma halitta ce mai biya tun a ƙofa; makamin da aka kashe salon da shi ne ya ɗauka. Teferi, Hero of Dominaria na 2018 ya fi su duka iya aiki. Farashinsa biyar, yana ja maka kati, sannan a ƙarshen zagaye ya sake miƙar maka da filaye biyu da ka riga ka biya da su, ke nan ka saukar da babban kati kuma har yanzu kana riƙe da amsa mai farashi biyu. Yana iya mayar da kansa cikin dami don kada katunanka su ƙare, saboda haka wasu suka daina sa wani abin cin wasa sam, shi kaɗai ya isa. The Wandering Emperor ta 2022 matsafiya ce da ake saukarwa a tsakiyar harin abokin karawa, ta kawar da maharin ta zauna.

Misalin da ya fi nuna saurin abin shi ne na Paulo Vitor Damo da Rosa na Burazil. Rukunin Theros Beyond Death ya fito a ƙarshen Janairun 2020, ɗauke da Shatter the Sky, share fage a farashi huɗu, da Elspeth Conquers Death, wanda ke kawar da babban kati ya kuma dawo da wani daga maƙabarta. Makonni uku bayan haka Paulo ya zama zakaran duniya a Honolulu da damin fari da shuɗi da aka gina da su. Abin dariya, cikin wannan rukuni ɗaya Uro yake.

Akwai kuma lokacin da kyautar ke yin yawa har damin ya daina zama abin da yake. Jace, the Mind Sculptor ya fito a 2010, farashinsa a kasuwa ya kai wajen dala 100 kati ɗaya. Da aka haɗa shi da Stoneforge Mystic da wasu shahohi da takubba, aka sami damin Caw-Blade, wanda Ben Stark ya ci gasar Paris da shi a farkon 2011. Dami ne mai sokewa da share fage, amma yana fara matsa lamba tun zagaye na biyu; yana tambaya yana kuma amsawa. Da rukunin Mayu ya ƙara masa Batterskull, kusan babu wani dami da ya rage a gasa, jama'a suka fara ƙaurace wa zaurukan wasa, a watan Yuni aka haramta Jace da Stoneforge. Rabon da a haramta kati a Standard tun 2005.

Fagen yau

Abubuwa biyu sun sauya ƙasar da ake wasan a kai. Na farko manhajar MTG Arena, inda da yawa ke buga wasa ɗaya tak a wuce, babu katunan ajiya, kuma ladan yau da kullum na bin yawan nasara. Wanda ke da rabin awa a waya zai zaɓi damin da ke gamawa a minti biyar. A zauren gasa ma agogo na gefen masu farmaki: minti 50 ake ba kowace karawa, kuma canjaras maki ɗaya ne inda nasara ke da uku.

Na biyu, a Mayun 2023 kamfanin ya tsawaita zaman kati a Standard daga shekara biyu zuwa uku, kuma a 2025 rukunai shida aka zuba cikin tsarin, har da na Final Fantasy da Spider-Man. Da farko za a ɗauka yalwar katuna ta fi amfanar mai neman amsa. Ni dai ina ganin akasin haka ya fi yawa. Mai farmaki na tsince mafi kyawun katunan farashi ɗaya da biyu na shekara uku ya haɗa wuri guda, damin ya ƙara sauri. Share fage kuwa na nan a huɗu, ko da Day of Judgment da rukunin Foundations ya dawo da shi a ƙarshen 2024. Ga shi kuma duk bayan wata biyu tambayoyin na sakewa.

Rabin farko na 2025 ya nuna haka. Heartfire Hero da Monstrous Rage na iya gama wasa kafin fili na huɗu ya sauka. A Afrilu aka ƙara Cori-Steel Cutter, makami mai farashi biyu da ke haifar da sabon mayaƙi duk zagayen da mai shi ya jefa kati na biyu: ka share mayaƙan, makamin na nan, zagaye mai zuwa ya haifi wani ya kawo hari nan take. Masu daƙilewa suka koma Temporary Lockdown, mai farashi uku, wanda ke kwashe duk ƙananan katuna har da makamin, amma kati huɗu cikin 60 ba kullum suke zuwa hannu a kan lokaci ba. A gasar ƙwararru ta Las Vegas cikin Yuni damunan ja masu sauri ne suka mamaye matakin ƙarshe, Ken Yukuhiro ya ɗauki kofi da ja zalla.

Ranar 30 ga Yuni kamfanin ya haramta katuna bakwai a lokaci guda, ciki har da Heartfire Hero, Monstrous Rage da Cori-Steel Cutter. Masu jinkirin wasa ba su gama murna ba suka ga Up the Beanstalk a jerin, ɗan katin farashi biyu da ke ja musu kati duk lokacin da suka jefa mai farashi biyar ko fiye, wanda manyan damuna suka dogara da shi kusan shekara biyu. Hujjar a bayyane take: in aka cire masu gudu aka bar shi, babu mai iya kamo masu shi a dogon wasa. Wata guda bayan haka rukunin Edge of Eternities ya fito, aka sauke rukunan shekara guda, Temporary Lockdown da Sunfall suka tafi tare da su.